Zoben da Baba Ya Sace

Babanmu bai taɓa iya ɓoye wa Mama komai ba. Ko turare ya sayo mata ya cusa a ƙarƙashin kujerar mota, kafin ya gama sallama za ta ce, "Malam, shigo da shi kada rana ta lalata shi." Abin yana ci masa rai, mu kuma yana kashe mu da dariya. To bana da ya yi ritaya, sai ya ja ni bayan tankin ruwa kamar masu shirya juyin mulki, ya ce, "Auta, zoben daimon zan saya wa uwarki. Sau ɗaya tak nake so in ga matar nan ta rasa abin cewa."

Na ce masa sai dai ta intanet, don matar mai gwal ɗin bakin layinmu aminiyar Mama ce, kuma bakinta ba shi da murfi. Muka zauna da wayarsa. Duwatsu suna juyawa a allo, kowanne ya kai ƙwan kaza. Baba sai "kai, kai" yake, yana danna wannan yana barin wancan. Mutumin da jiya bai san daimon daga fasasshiyar kwalba ba, yau yana yi min gardama a kan kyan yanka. Daɗi ya sa duk muka manta cewa da wayar nan Mama ke kallon ɗinki da yamma.

Sai masu sayarwa suka nemi lambar awon yatsa. Baba ya ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Ya jira Mama ta kwanta bayan azahar, ya lallaɓa da zare a hannu yana sanɗa, ni ina bakin ƙofa na cusa gyale a baki. Zaren na taɓa ta, ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Malam, kai ne ko sauro?" Dattijo guda, da furfurarsa, ya ce, "Sauro ne."

Da dabara ta ƙare sai ya koma sata. A gwangwanin allura da maɓallai Mama ke ajiye wani siririn zoben azurfa, wanda ya saya mata da albashinsa na farko. Ya daɗe da daina wuce gaɓar yatsanta. Baba ya soke shi a hula muka nufi shagon mai gwal, wai a auna mana kawai mu koma waya.

Shagon ɗan ƙuƙut ne, fanka tana kuka, mai gwal yana sunkuye a kan tebur da fitila a goshi. Ya ji buƙatarmu ya yi dariya. "Awo a nan, ciniki a waya ko, Malam? Ba komai, na saba." Ya zura zoben a sandar awo ya ce, "Wannan ai na budurwa ne. Hajiya ta wuce nan."

Baba ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsansa. "Auna wannan. Daidai yake da nata, na sani." Kunya ta kama ni, ban san uban nawa yana lura da irin wannan ba.

Da za mu fita mai gwal ya ce kallo dai kyauta ne. Ya buɗe wata 'yar takarda, ga dutse bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baba ya taɓe baki ya ce na waya sun fi wannan ƙoshi. Mai gwal ya miƙa masa ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Baba ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, sai dariya har da buga ƙafa. "Auta, zo ki ga, wuta ce a ciki." Da ƙyar na samu ya ba ni gilashin. Can ya juya tsohon zoben a tafinsa ya ce, "Za ka iya buɗa wannan, ka zaunar da dutsen a kansa?" Mai gwal ya ce aikinsa ke nan. Baba ya sa shi ya rantse cewa ko a mafarki matarsa ba za ta ji ba.

Ana gobe za a karɓo, na shiga ɗakin Mama na same ta gaban madubi ta dafe ƙirji tana cewa, "Malam, ni? Duk ni kaɗai?" A kan gado an juye gwangwanin allura, maɓallai ko'ina. Ta hango ni ta ce, "Rufe ƙofa. Wayar ubanki tun makon jiya ba ta nuna min komai sai tallan zobe, mai dutse kamar kan albasa. Bawan Allah ya wahala, zan ba shi mamakin da yake nema. Wanne ya fi, dafe ƙirji ko rufe baki?" Na ce dafe ƙirji. Na yi dariya har da hawaye, amma wallahi tausayin Baba ya kama ni. Na tambaye ta maɓallan fa, ta ce wani abu take nema, in bar zancen.

Washegari bayan cin abincin rana Baba ya ajiye 'yar akwatin zoben a gabanta. Mama sarkin shiri, tun ba ta buɗe ba ta dafe ƙirji. Ta ɗaga murfin, sai hannun ya sauka da kansa.

Ta juya zoben ta gano 'yar lotsawar da ƙofa ta yi masa tun kafin a haife ni. Ta zura shi, ya wuce gaɓar sumul. Ta dubi dutsen, ta dubi Baba, ta buɗe baki ta rufe. Ido ya ciko.

Baba ya matso kusa da ni, da raɗar da har maƙwabta za su ji ya ce, "Auta, ta ce wani abu?"

Na ce, "Ba ta ce ba, Baba."

Na miƙe zan kawo mata ruwa, ya riƙe min gyale, fuskar nan tasa kamar gonar auduga.

"Zauna," in ji shi. "Kada ki taimake ta."