Ƙa'idar Bur Sudan a Gaɓar Jidda

Mugun hali ne mutum ya haddace ƙa'ida bai san dalilinta ba, sannan girman kai ya hana shi sauraron wanda ya sani. Wannan halin shi ya ci Abdulghaffar, a shekarar hijira ta dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da biyar, cikin tsakiyar zafi.

Abdulghaffar Bahaushen Sudan ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana aikin jirgin ruwa tsakanin Bur Sudan da Sawakin, a ƙarƙashin wani tsohon nahuda, wato shugaban jirgi. Da ya ƙetaro Jidda ya sauka a unguwar Nuzla, ya auri Mastura, ya sayi jirgi mai inji ɗan madaidaici. Aikin farko da ya samu shi ne ya kai ruwan sha da gari da ƙanƙara ga wasu masunta da suka yi zango kudu da Jidda, tafiyar awa biyu da 'yan kai.

Tekun nan kuwa ba kogi ba ne. Duk tsawon gaɓar akwai duwatsun murjani kwance a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Mutanen wurin suna ce musu sha'ab. Nan da can akwai 'yar ƙofa da jirgi ke bi ya shiga wani lungun ruwa mai natsuwa, lungun shi ake kira sharam. Babu tuta, babu fitila. Da ido ake shiga. Ruwan da ya yi baƙi-baƙi mai zurfi ne, kore ya fara gajarta, in kuwa ka ga ja-ja kamar shayi, to dutse ne.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, Abdulghaffar ya zauna wajen mai shayi yana zana hanyarsa a ƙasa da tsinken ashana. Ga tasha, ga inda zai fita bayan sha'ab, ga inda zai miƙe kudu, ga ƙofar sharam. Yayan matarsa, Haladu, ɗan dako a tashar jirage, yana tsugune yana kallo. A kan benci kuma akwai Baba Usuman, haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, wanda ya shekara arba'in yana su a wannan gaɓar.

Baba Usuman ya ce, "Ya waladi, da wane lokaci ka ce za ka shiga?"

"Da safe mana, Baba. Ina idar da asuba na ta da inji. Kafin hantsi ina ciki ina shan shayinsu."

"La, la. Kada ka shiga da safe. Ka bari sai bayan azahar."

Abdulghaffar ya yi dariya har da buga cinya. "Bayan azahar? Baba, da yaron da ya fara wanke jirgi jiya kake magana? Nahudana kullum cewa yake, sharam da safe ake shigarsa. Sau ɗari na shiga, ko fenti ban taɓa kankarewa ba."

"A ina ka shiga sau ɗarin?"

"A teku. Ko naku daban Allah Ya halitta?"

Masu shan shayi suka tuntsire. Baba Usuman ya ajiye kofinsa. "Isma', saurara, ɗana. Bari in gaya maka dalili. Sannan watannin nan ruwa ya ragu, kuma gobe da safe janyewa zai yi..."

"Janyewar taki ɗaya? Baba, tsufa ne ya sa kake tsoron taki ɗaya. Bayan azahar iska ke tashi, ƙanƙarata kuma ta zama ruwa. Halas, na gama shiri."

"To ka tafi da ni, in zauna maka a goshin jirgi."

"Ka zauna a bencinka dai. In na dawo na kawo maka kifin miya."

Mastura ce, da labari ya kai mata, ta roƙi yayanta ya raka mijinta. Haladu bai iya iyo ba, bai kuma taɓa wuce bakin tasha ba. Amma ƙanwa ta roƙa, sai ya je.

Farkon tafiyar lafiya lau. Ruwa kwance, inji yana bugawa daidai, Abdulghaffar yana riƙe da sandar tuƙi yana tsokanar Haladu, wanda ya ƙanƙame gangar ruwa da hannu biyu.

"Yaya, saki gangar nan, ba matarka ba ce."

"Kai dai duba gabanka."

Can suka hango bukkokin masunta a gaɓa, ƙanana kamar kwandunan da aka kife. Abdulghaffar ya rage wuta, ya karkata jirgi ya fuskanci ƙasa. Yana juyawa rana ta daki idonsa.

Teku gaba ɗaya ya zama farin ƙarfe. Babu baƙi, babu kore, babu ja. Haske ne kawai yana rawa tun daga goshin jirgi har gaɓa. Ya kare ido da tafin hannu, ya runtse, ya buɗe, hawaye suka zubo. Bai ga komai ba.

Nan take ya gane abin da shekara goma sha biyu ba su sa ya tambaya ba. A gaɓar Sudan ƙasa tana yamma. Mai shiga sharam da safe rana tana bayansa, tana haska masa ƙarƙashin ruwa kamar an ɗaga fitila. A nan kuwa ƙasa tana gabas. Safiyar da ke buɗe ido a can ita ke rufe shi a nan. Abin da Baba Usuman ya so ya faɗa ke nan aka yi masa dariya.

Haladu ya lura da fuskarsa. "Lafiya?"

"Lafiya lau."

"Abdulghaffar, kana ganin hanya kuwa?"

"Na ce maka lafiya. Tashi ka je goshi, in ka ga ja ka yi magana."

Haladu ya rarrafa ya je, ya leƙa. "Wallahi ni fari kawai nake gani. Mu tsaya mana. Mu jira rana ta juya."

Tsayawar ma ba ta da sauƙi. A bayan sha'ab zurfin ya fi ƙarfin igiyar angarsa, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Man da ya ɗauko kuwa na zuwa da dawowa ne cif, ba na yawo a kan ruwa har azahar ba. Duk da haka da ya kashe inji ya bar jirgi yana shawagi nesa da dutse, da sun tsira, ƙanƙara ce kawai za ta narke. Ya san haka. Sai ya tuna bencin mai shayi, ya ji a kunnensa yadda za a ba da labarin: nahudan Bur Sudan ya yini a ƙofar sharam kamar baƙon da aka hana shiga gida. Ya ce, "Yalla, bismillah," ya tura jirgi gaba.

A hankali yake tafiya, yana lalube kamar makaho a ɗakin da bai sani ba. Yana jin ƙarar ruwa na fashewa a dama, yana ji a hagu, bai san wanda ya fi kusa ba. Haladu yana ta salati da ƙarfi. Kowane bugun inji Abdulghaffar ji yake a cikin haƙoransa.

"Ja!" Haladu ya ƙwala ihu. "Ga shi nan ƙarƙashinmu! Ja ne!"

Kafin ya rufe baki sai suka ji ƙuuu, kamar ana jan akwatin ƙarfe a kan tsakuwa. Jirgi ya yi tsalle ya zauna. Gangunan ruwa suka gangaro gaba. Abdulghaffar ya maida inji baya da dukan ƙarfinsa, farfela ta daki dutse sau biyu, ta karye, inji ya yi kuka ya mutu.

Shiru. Sai ƙarar ruwa yana shigowa ta ƙasan katako, ɓul-ɓul-ɓul.

"Inna lillahi," in ji Haladu. "Ka kashe mu."

"Ɗauki gwangwani ka kwashe! Zubar da gangunan!"

Suka zubar da ganga shida, suka jefar da buhunan gari, wai ko jirgi zai yi sauƙi ya ɗago. Da a watannin sanyi ne, lokacin da teku ke cika, wataƙila da ya zame ya wuce. Amma ruwa ya ragu, ga shi kuma yana janyewa. Takin nan ɗaya da ya raina shi ya zaunar da jirgin daram a kan dutse. Duk igiyar ruwan da ta zo sai ta ɗaga shi kaɗan ta sake maka shi, katako yana ƙara kamar ana karya ƙashi.

Suka yi ta ihu suna kaɗa riga wajen bukkoki. Babu wanda ya fito. Masunta sun fita teku tun da sassafe, zango ba kowa.

Abdulghaffar ya ce zai sauka ya kai anga baya, su ja jirgin da igiya. Ya dira a kan sha'ab, ruwa iya ƙugu. Murjani ya ratsa takalminsa kamar ba ya sanye da komai. Ya kai anga, ya maƙala ta, ya dawo yana naɗa igiyar a hannunsa na dama don ya ji daɗin ja. Sai wata babbar igiyar ruwa ta zo ta ture jirgin gefe. Igiyar anga ta miƙe tsam, ta datse masa yatsu. Ƙarar da Abdulghaffar ya yi, Haladu ya ce har ya mutu ba zai manta da ita ba.

Haladu ne ya yanke igiyar da wuƙar ƙanƙara, ya yage rawaninsa ya ɗaure masa hannun. Shi kansa da jirgin ya kwanta a gefe sai da ya faɗa ruwa, ƙafarsa ta shiga wani rami a cikin dutse, ya zaro ta a tsage tun daga idon sawu har gwiwa.

Suka tsaya a kan sha'ab su biyu, kowa yana riƙe da gefen jirgin da ke rabewa. A gabansu zurfi, a bayansu zurfi. Gaɓa ga ta nan ana gani, amma Haladu bai iya iyo ba, Abdulghaffar kuma hannu ɗaya ya rage masa. Rana ta hau tsakiyar ka. Ruwan shan da suka ɗauko wa mutane sun zubar da shi da hannunsu.

Jininsu yana tafiya a cikin ruwa kamar zare. Abdulghaffar ya san abin da jini ke kirawowa a tekun nan, bai dai faɗa ba. Haladu ne ya fara gani.

"Mene ne wancan? Wancan baƙin da ke yanka ruwa?"

"Kada ka motsa."

"Girshi ne ko? Kifin nan mai cin mutum? Gaya mini gaskiya yau dai!"

"Shi ne. Yaya, don Allah kada ka motsa. Nan ya yi masa gajarta, ba zai hau ba."

"In ruwa ya dawo fa?"

Ruwan kuwa ya fara dawowa. Ya bar ƙugu ya kama ciki. Iskar arewa ta taso kamar yadda take yi kullum bayan azahar, igiyoyi suka ƙara girma, kowace ta zo sai ta ɗaga su daga kan dutse ta sake dire su a kan kaifi. Kifin ya zama biyu. Suna zagayawa, su ɓace, su sake ɓullowa kusa da inda suka ɓace. Jirgi ya rabe biyu, gindin da ke ɗauke da inji ya sulale ya tafi ƙasa suna kallo. Goshin kawai ya rage musu.

Haladu ya daina salati da ƙarfi, leɓensa kawai ke motsi. Can ya ce, "In ka fita ni ban fita ba, ka ce wa Mastura ta riƙe mini yarana." Abdulghaffar ya ƙara ƙanƙame goshin jirgin da hannun hagu.

Da rana ta karkata yamma, ruwa ya buɗe. Abdulghaffar ya duba, ya ga komai ƙarara: ja a nan, kore a can, ga kuma baƙar hanya shimfiɗe kamar titi, ba ta fi gaba huɗu daga inda suke ba.

A kan wannan hanyar masunta suka dawo, kwale-kwale uku a jere, rana a bayansu, a lokacin da suka saba dawowa kowace rana. Suka buga ruwa da filafili suka kori kifayen, suka jawo Haladu, suka jawo Abdulghaffar. Babbansu ya dubi guntun jirgin, ya dubi mai shi, ya tambaya da Larabci, "Wane ne ya shigo da ku da safe?" Suka ɗura musu ɗan ruwan da ya rage a salkarsu, su da aka ce za a kawo wa ruwa. Washegari motar kifi ta kai su asibiti a Jidda.

Ga abin da Abdulghaffar ya rasa. Jirgi ɗaya, wanda ya sayar da gonar gadonsa ta garin Mai Wurno, can Sudan, ya saya, tafiyarsa ta farko. Inji ɗaya, yana ƙasan teku. Ganga shida, buhu huɗu, da amanar mutanen da suka ba shi kaya. Yatsu uku na hannun dama, har da babban, don haka bai sake riƙe sandar tuƙi ba, ko cokali sai da hagu. Haladu ya tashi da ɗingishi, dako ya gagare shi, shekara tara bai taka gidan ƙanwarsa ba. Shi kuwa Abdulghaffar ya ƙare yana gadin wani sito a unguwar Waziriyya, babu kuma wanda ya sake kiransa nahuda.