Idon Jarra

Glenys ta durƙusa a kan katakon baranda, hannuwanta cikin safar roba, tana goge aman da karensu Jarra ya yi karo na biyu tun wayewar gari. Aman ma ba na kirki ba ne, kumfa ce rawaya kawai, don cikin babu komai. Ta ƙulle tsumman a leda biyu kamar yadda likita ta umarta, saboda maganin da ke fita daga jikin karen guba ne ga ɗan Adam. Sannan ta juya ta dube shi.

Yana kwance a kan 'yar katifar da ta shimfiɗa masa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Jan karen kiwo ne, shekararsa tara, kuma duk yankin Kojonup ba manomin da bai san sunansa ba. Wata guda da ya wuce ta shafa wuyansa ta ji kaluluwa biyu kamar ƙwan tantabara. A asibitin dabbobi na birnin Perth aka ce ciwon daji ne, aka fara yi masa allura mako-mako. Ukun farko ko a jikinsa, kaluluwar ta baje, yana fita aiki kamar ba shi ba. Ta huɗun ce ta kayar da shi. Zawo, amai, gashin bakinsa ya zube, idanu suka faɗa. Ranar da abin ya fara ta ɗauko shi daga bayan rumfar askin tumaki, inda karnuka ke kwana, ta kawo shi baranda kusa da ita. Yau kwana uku ke nan bai sa komai a bakinsa ba.

Ta tura masa farantin gabansa. Dafaffiyar kaza ce da shinkafa, ba gishiri ba mai. Jarra ya lashi leɓe, ya kau da kai can gefe cikin ladabi, kamar baƙon da aka yi wa tayin abin da ba ya ci.

"Ya ci?"

Merv ne, mijinta, tsaye a ƙasan matakala da hularsa mai faɗi wadda gumi ya cinye bakinta.

"Da ya ci ai da ka ji guɗa."

Ya leƙa farantin. "Kaza da shinkafa. Shekara arba'in da aurenmu, ban taɓa samun irin wannan gata ba."

"Kwanta ciwo ka gani, tsoho."

"Ni da na kwanta ai ciwon ya fi mini sauƙi a kan jinyarki."

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ido ba. Merv ɗan zamanin da ne. A gidan ubansa, karen da ya kasa aiki zagayawa ake yi da shi bayan rumfa, a dawo babu shi, kuma ba mai tambaya. Bai hana a kai Jarra Perth ba. Abu ɗaya ya nema a wurin ajiye motoci na asibitin, ita kuma ta yi masa alkawari: ranar da maganin ya fi ciwon wahalar da karen, za a tsaya. Bai tuna mata ba yanzu, ya dai daɗe yana duban haƙarƙarin Jarra.

"Zan je in koro tumakin da ke yamma da gida," ya ce. "Gobe masu aski za su zo. Na aro Sarge, karen maƙwabtanmu su Hedley."

"Wancan mai bakin? Allah ya ba da sa'a."

Ƙarfe tara ta kira Dokta Lam, likitar dabbobin da ke duba shi. Ta karanto mata abin da ma'aunin zafi ya nuna, ta ɗaga leɓen karen ta faɗa mata kalar dasashinsa.

"Babu zazzaɓi, wannan abin murna ne," in ji likitar. "Ki ba shi ƙwayar tashin zuciyar nan, ki tura ta can ƙarshen harshe. Kada ki ɗura masa abinci, zai ƙara tsanarsa. Amma Glenys, in ƙarfe biyu ta yi bai sha ruwa ba bai ci ba, sai kin kawo shi mu yi masa ƙarin ruwa. In kuma kika ce a tsaya haka, babu wanda zai ga laifinki."

Glenys ta san lissafin, an riga an faɗa mata. In aka ci gaba da allura, wataƙila shekara guda. In aka tsaya, 'yan makonni. Abin da ba wanda ya iya faɗa mata shi ne ko Jarra yana son shekarar nan in haka za ta kasance. Ta so a ce yana da baki ya yi magana, ko da kalma ɗaya.

Ta ba shi ƙwayar, sannan ta gwada ƙwai. Ta gwada romo a cokali. Ta sa ƙanƙara a tafin hannu ta kai masa hanci. Kowanne ya kau da kai. Wajen ɗaya da rabi ta haƙura. Ta shimfiɗa bargo a bayan mota, ta taka har babbar ƙofar da ke bakin kwalta ta buɗe ta, don kada ta tsaya a hanya in ta ɗauko shi. Ko ita ba ta san me za ta ce wa likita ba in sun isa, a yi ƙarin ruwan ko a tsaya da maganin haka.

Tana dawowa a ƙafa, ta kai rabin hanya, sai ta ji haushin Sarge, ta ga ƙura ta tashi a bayan rumfa. Ta manta shaf da tumakin.

Tunkiya ɗari bakwai Merv ya koro a kan babur. Hanyar shingen aski ta dama ce, amma Sarge ya afka musu ta gefe yana ta zuba haushi kamar an biya shi, garken ya tsorata ya karkata hagu. Hagu kuwa wani ɗan lungu ne tsakanin tankin ruwa da shingen lambu, kuma daga lungun nan sai hanyar mota, sai ƙofar da ta bari a hangame, sai kwalta. Lokacin girbi ne, tirelolin alkama masu jela biyu na wucewa a guje, ba sa iya birki ko sun so.

"Merv! Ƙofa! Ƙofa a buɗe take!"

Ina! Ƙarar babur ta haɗiye muryar. Ta cire hula tana kaɗawa, tana ɗingisa gudu da gwiwarta mai ciwo, alhali ta san aikin banza ne. Mutum ɗaya ba ya tare tumaki ɗari bakwai, ratsa shi za su yi ta dama da hagu su wuce.

Ba ta ga lokacin da Jarra ya sauko daga baranda ba. Ta dai gan shi a tsakiyar lungun, ja, ƙanjamamme, ya juya mata baya.

Bai yi haushi ba. Ya saukar da ƙirji kusa da ƙasa, ya miƙa wuya, ya ɗage ƙafar gaba ɗaya, ya kafe su da ido. Tsohuwar tunkiyar da ke jan gaba ta ja birki har tana zamewa. Na bayanta suka hau kanta, na bayansu suka hau kansu, garken ya taru ya kumbura a bakin lungun, amma ko ɗaya ba ta ƙetare ba. Taku biyar ne tsakaninsu da shi, filin Allah, babu igiya babu shinge.

Tsohuwar ta buga ƙafa a ƙasa. Ta sake bugawa. Jarra ko ƙiftawa bai yi ba.

Glenys ta tsaya cak, hula a hannu. Daga inda take tana ganin ƙafafunsa na baya suna karkarwa, tana ganin ƙashin ƙugunsa ya turo fata. Karen da ɗazu ya kasa ɗaga kai ya lashi ƙanƙara! Da tunkiya ɗaya za ta yi ƙundunbala ta bangaje shi, faɗuwa zai yi. Tumakin ba su san haka ba, ko kuwa sun san wani abin da ita ba ta sani ba. Wata matashiya ta nemi sulalewa ta jikin tanki. Jarra ya karkatar da kai kaɗan, bai kai faɗin tafin hannu ba, sai ta ja da baya ta nutse cikin 'yan uwanta.

Shekara tara tana ganin aikin nan kullum, ta ɗauka gudu ne, ta ɗauka ƙarfi ne da zafin nama. Yau duk an zare waɗannan, maganin ya cinye su, amma ga abin nan tsaye a gabanta bai ragu ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ji tsoro irin wanda ba na gudu ba, irin wanda ke sa mutum ya rage murya. A can kwalta wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza, ba wanda ya waiwaya.

Jarra ya ajiye ƙafar da ya ɗage, taku ɗaya gaba. Tsohuwar tunkiyar ta sunkuyar da kai ta juya. Garken duka ya juya tare da ita kamar ruwa a tasa in an karkata ta, suka kwarara dama, suka shige shingen aski su da kansu.

Merv ya riga ya kashe babur. Har Sarge ya yi tsit, ya zauna harshe a waje. Merv ya je ya rufe shingen, ya dawo, ya share fuska da hannun riga.

"Ikon Allah," ita ce ta faɗa, can ƙasa-ƙasa. Sai kuma ta tuna, ta nufi karen. "Zo nan, ɗan albarka, zo in ɗauke ka, ka ji?"

"Bar shi," in ji Merv.

"Faɗuwa zai yi!"

"Na ce ki bar shi, Glen. Dubi inda ya dosa."

Ba baranda ya nufa ba. Yana tafe yana tangaɗi, yana tsayawa yana hutawa, ya zagaya bayan rumfa, su biyu suna biye da shi kamar masu rakiya. A gindin itacen da ke can rabin gangar da yake kwana a ciki take, da sarƙarsa, da kwanonsa na ƙarfe da ya lotse, da tsohon bokitin ruwa. Ya sa baki a bokitin ya sha, ya daɗe yana sha. Sannan ya zauna kusa da sarƙar ya ɗaga kai yana duban Merv.

Merv ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya maƙala masa sarƙar a wuya kamar yadda yake yi kowace yamma in an tashi aiki.

"Tun yana ɗan kwikwiyo," ya ce, bai ɗago ba, "bai taɓa cin abinci ba sai a nan, sai an gama aiki an ɗaure shi. Ni ma ban yi tunanin abin ba." Ya shafa kunnen karen. "Kuma karnuka biyu ya gani kin kai barandar can, kin shimfiɗa musu katifa. Wanne ne ya dawo?"

Glenys ta juya ta tafi gida, tana tafe hawaye na zuba ba ta share ba. Ta ɗauko farantin, ta dawo ta juye kazar a cikin lotsattsen kwanon.

Jarra ya shinshina. Ya dubi Merv.

"To, ci mana, sarkin iyayi."

Ya ɗauki tsoka ɗaya, ya tauna a hankali. Ya ɗauki ta biyu. A ta biyar ya tsaya, ya ture shinkafar da hanci, ya shiga gangarsa ya kwanta. Suka zauna a kan wani kututture suna jira su ga ko zai dawo da ita. Minti goma, minti ashirin, shiru. Ko ƙwayar likita ce ta fara aiki, ko tumakin ne, Glenys ba ta sani ba, kuma ta san ciwon yana nan inda yake. Amma tambayar da ta wuni tana yi, ko yana son shekarar nan, ta daina damunta.

Merv ya duba agogo. Biyu ta wuce da kwata.

"Je ki rufe ƙofar kwalta, 'yar tsohuwa, kafin ki kashe mu duka," ya ce. Ya miƙe yana kaɗe wando. "Allurar gaba yaushe ce?"

"Talata. In likita ta ga jininsa ya yi daidai."

"Ni zan tuƙa." Ya taka kaɗan, ya tsaya. "Gobe kuma ina bukatar mai tsaron ƙofar rumfa. Ba sai ya yi gudu ba. Ya zauna kawai ya dube su."