Takalmin da Ya Sauya Ƙafa

Damina ce ta ci kaset ɗin. Tokiko ta ajiye shi a ƙasan kabad tare da bargunan sanyi, da aka ciro shi sai ga fumfuna ta bi zaren ciki fari fat kamar an barbaɗa gari. 'Yarta Harumi ta juya shi, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Mama, wannan kam sai haƙuri. Na'urar ma ai ta daɗe da mutuwa."

Tokiko ta karɓi kaset ɗin ta ɗora a cinyarta. Shekarunta tamanin da 'yan kai, kuma likitan ido ya gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: tsakiyar ganinta na tafiya, ba zai dawo ba. Abu ɗaya take so ta gani kafin hasken ya ƙarasa guje mata, wato takalminta da ke cikin fim ɗin da ke kan kaset ɗin nan.

Babu gidan da bai san fim ɗin ba. Zane ne na hannu, labarin wata yarinya 'yar bakin teku da ruwa ya tafi da warin takalminta, ta ƙare yawo da jan takalmin katako a ƙafar hagu, baƙin na yayanta a ƙafar dama. Lokacin da ake yin sa Tokiko na cikin matan unguwar Nerima da ke karɓar aikin fenti a gida. Wani mai babur ke kawo musu ƙunshin ledoji masu ƙarfi, garau kamar gilashi, an riga an zana layuka a kansu, su kuma su cike launi. Ta baya ake shafa fentin don kada a taɓa layin, saboda haka komai a juye yake: hagun yarinya damarki ne, damarta hagunki. Tokiko kan sa farar safar hannu da ta yanke wa yatsu uku, ta jera ledojin a katakon shanya har ɗakin ya cika, Harumi kuwa, tana 'yar mitsitsiya, an hana ta gudu a gida don kada ta tayar da ƙura.

Wata rana mai babur na bakin ƙofa yana danna oda, miya na tafasa, Harumi na fama da zazzaɓi, sai Tokiko ta manta a juye take aiki. Ledoji kaɗan ne, wajen da yarinyar ke tsere a kan gada tana bin jirgin ruwa. Ta ba ƙafar dama ja, ta ba hagu baƙi. Masu dubawa ma a lokacin barci ke cin idonsu, abin ya wuce su. Haka fim ya fita duniya, takalmin ya yi tsalle daga wannan ƙafa zuwa waccan cikin ƙiftawar ido, ya koma.

Sunan Tokiko bai fito a ƙarshen fim ba. Na sauran matan ma haka, sunan ɗan kwangilar kawai aka rubuta, mutumin da bai taɓa riƙe buroshi ba. Mijinta marigayi Shozo kuwa ya samu abin tsokana na har abada. Duk ranar da aka sa kaset, sai ya ajiye kofinsa tun kafin a zo gadar, ya gyara zama, ya ce, "Shiru, shiru, ga sa hannun uwargida nan tafe." Ita kuma ta jefe shi da ɓawon lemo. Shekara da shekaru tana jin kunyar takalmin nan. Yanzu da tsufa ya zo, ta gane shi kaɗai ne wurin da za ta nuna da yatsa ta ce nan ni ce.

Harumi mace ce mai son gama abu da wuri. Ta shiga kasuwar yanar gizo, ta zaɓi faifan da ya fi kowanne samun taurarin yabo daga masu saye, sabon bugu da aka wanke hotonsa tas. Da ya iso ta haɗa shayin sha'ir mai sanyi, ta ja labule saboda hasken rana, suka zauna a tabarma. Launukan sun yi kyau har sun yi yawa. Aka zo gada, yarinya ta ruga, jirgi ya tafi.

"Ya wuce?" in ji Tokiko. "Ban gani ba."

Harumi ta mayar baya. Ta sake mayarwa. Sai ta ajiye rimot ɗin a hankali.

"Mama, sun gyara."

"Sun gyara me?"

"Takalmin. Yana hagu daga farko har ƙarshe."

Tokiko ta ce to madalla, ai dama kuskure ne. Ta tashi ta kwashe kofuna, ta wanke su, ta sake wanke su. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Wa zai saurari tsohuwar da ke kukan an gyara mata aiki?

Washegari Harumi ta dawo da waya a hannu, laifi na cin ta. Ashe fim ɗin ya fita sau da dama: kaset, faifan farko, na akwati mai littafin hotuna, sai wannan sabon. Wataƙila akwai wanda ba a taɓa ba. Matsalar ita ce masu kasuwar sun zuba ra'ayoyin masu saye duka a shafi ɗaya kamar an juye kwandon wanki, ba ka sanin wane bugu mutum yake yabo, wanne yake zagi.

"Karanta mini," in ji Tokiko.

"Duka? Sun fi gashin kaina yawa."

"Ina za ni? Karanta."

Harumi ta fara. Wani ya ba da tauraro ɗaya saboda akwatin ya zo a lanƙwashe. Wata ta ce jikanta ya yi barci tun kafin a kai rabi, ita kuma ta sha kuka kamar ranar farko. Wani ya rubuta dogon bayani a kan cewa tekun ya fi shuɗi a da.

"Wannan bai san abin da yake faɗi ba," in ji Tokiko. "Tekun kore-kore ne. Matar Uehara ce ta yi shi."

"Ga naki nan. Taurari biyar. 'A ƙarshe an gyara abin kunyar nan na takalmi. Ban san wace mai gyangyaɗi aka ba aikin ba.'"

"Mai gyangyaɗi? Shi ya taɓa yin fenti da yaro goye a bayansa?"

"Ya yi daidai da Baba, da yana raye da sun yi abota."

"Ke rufe mini baki. Ubanki da so yake faɗa."

Suka yi ta bi har shayi ya huce ya sake hucewa. Masu murna da gyaran sun fi yawa, kowannensu kuma sai Tokiko ta ji kamar an ƙara goge ta da tsumma. Can ƙasa, inda ba kowa ke kaiwa ba, Harumi ta tsaya. Wani ne daga yankin Aomori da ya kira kansa Mai Gonar Tuffa, ya ba sabon bugun taurari biyu.

"'Hoto ya yi kyau, ban musa ba. Amma ina takalmin? Ni da ƙanwata mun taso muna jiransa. Duk wanda ya riga ganinsa ya ce ga shi, shi ke cin sauran alawar. Ƙanwata ta rasu bara. Na sayi wannan don in kalla in tuna da ita, na zauna ina jira a bakin gada, babu abin da ya faru. Wanda ke son fim ɗin da muka sani ya nemi faifan farko mai bango ruwan toka.'"

Harumi ta ƙare karatun. Tokiko ta murza gefen rigarta.

"Alawa," ta ce daga baya. "A kan takalmina."

An daina buga mai ruwan tokan tuni. Harumi ta bi shagunan tsofaffin kaya na bakin tashoshin jirgin ƙasa, ta dawo hannu rabbana har sau uku, kafin ta same shi a wani lungu, bangon ya tsage, da tsohuwar alamar shagon hayar fina-finai manne a jiki.

Ranar da za su kalla Tokiko ta buɗe ƙofofin ɗan akwatin tunawa da mamaci da hoton Shozo ke ciki, ta sa masa shinkafa a ƙaramin kwano, ta juya hoton ya fuskanci talabijin. Hoton wannan faifan ya dusashe, yana da ɗige-ɗigen ƙura, sai ta ji kamar ta shiga tsohon ɗakinta mai warin fenti. Aka zo gada. Yarinya ta ruga.

"Ga shi," in ji Harumi. "Mama, kin gani?"

Ba ta gani ba. Aka mayar, ba ta gani ba. Abin ya fi idonta sauri, kuma daidai inda ƙafafun suke nan ne duhun tsakiyar ganinta ke zama. Ta ji tsoro ya kama ta, ta ce a ranta na makara.

Harumi ta tsayar da fim ɗin, ta riƙa matsar da shi hoto ɗaya bayan ɗaya, har ta ce, "Nan." Tokiko ta ja gwiwa zuwa gaban talabijin, kusa har tana jin ɗuminsa a fuska. Ta kau da kai gefe yadda likita ya koya mata, ta kalli kusurwar ɗaki, ta bar gefen idonta ya yi aikin. A hankali wani ɗan ja ya fito daga cikin hazon. Ta ɗora yatsa a kai.

"Wace ƙafa ce?"

"Dama, Mama."

"Fentin ya tsallake layi?"

Harumi ta matso ta duba da kyau. "Ko kaɗan."

Tokiko ta daɗe a durƙushe, yatsanta a kan gilashin. Da ta koma mazauninta ta share ido da bayan hannu, ta ce wa Harumi ta ɗauko wayar, ita ma za ta rubuta nata a shafin. Ta faɗa, Harumi na bugawa: cewa bango mai ruwan toka shi ne na gaskiya, kuma tana gaishe da mutumin Aomori, tana yi masa ta'aziyyar ƙanwarsa.

"In faɗa musu ke ce?"

"A'a."

"To, taurari nawa? Biyar?"

Tokiko ta yi ɗan tunani.

"Ba shi huɗu," ta ce. "Akwai kuskure a ciki."