Dutse Na Uku Na Murhun Asibi

Ranar da aka kwashe mutanen Gungun Ƙirya, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Maza suka ɗauki taru da mashin kifi, mata suka ɗauki tukwane da tabarmi. Asibi kuwa duwatsu uku ta kinkimo, baƙaƙe wuluk, ta jibga su tsakiyar jirgi har sai da ya yi tangal-tangal. Duwatsun murhu ne da ta gada wurin uwarta. Mijinta Illo ya dube su, ya dube ta.

"Asibi, can inda za mu babu duwatsu na?"

"Akwai, maigida. Amma ba su san tukunyata ba."

Illo ya juya ya tura jirgi. Zaman aure ya riga ya koya masa cewa gardama da Asibi asarar yawu ce.

Madatsar ruwan da aka gina a Kainji ce ta tashe su. Kogin Kwara ya soma hawa yana cin gonaki, kuma an ce ba zai tsaya ba sai ya shanye tsibirin nasu gaba ɗaya. Aka gina musu sabon gari a kan tudu, wajen Wara: ɗakunan bulo da siminti a jere, rufinsu lanƙwasasshe, babu tsinken ciyawa ko ɗaya. Gaskiya dai mutane sun yi kuka, amma sun kuma yi murna da abu guda. A gungu, duk rani sai gobara ta lashe jinkar wani. Nan kuwa kowa sai ya bubbuga bango ya ce, "Wanga ɗaki wuta ba ta cin shi." Ma'aikacin da ya raba gidajen ya faɗi sau ɗaya cewa kada a taɓa ginin, ya shiga motarsa ya tafi. Illo ya riƙe wannan magana gam kamar wasiyyar ubansa.

Abin da babu wanda ya tsaya ya tuna shi ne aikin da jinka take yi musu tun kaka da kakanni. Hayaƙi ya tashi, ciyawa ta tsotse shi, ya tsiyaye waje, iska ta shigo ta nan inda ya fita. Ba wanda ya taɓa gode wa jinka, don ba wanda ya san tana aiki. Rufin siminti kuwa abin da ya shiga ƙarƙashinsa ya shiga ke nan.

Tsakiyar damina Hansatu, 'yar farin Asibi, ta zo gida haihuwa. Ta sauka lafiya, namiji. Asibi ba ta taɓa kiran sunan Hansatu ba, saboda kunyar 'yar fari. "Yarinyar nan" take ce mata. Amma hidima kam babu wadda ta bari. Tun kafin naƙuda ta kwaɓa laka ta gina gadon ƙasa a jikin bango, da kogo a ƙarƙashinsa inda ake zuba wuta, don maijego ta kwanta a kan ɗumi har ta yi arba'in. Haka aka gasa Asibi, haka aka gasa uwarta. Kowa a garin ya yarda cewa maijegon da sanyi ya shiga jikinta, to, sai dai wani ikon Allah.

Mai kula da jegon ita ce Dudu, yayar Illo, tsohuwar ungozoma wadda rabin garin a hannunta suka faɗo. Dudu mace ce mai kirki, amma ba ta taɓa jin wata magana ta fi tata daɗi ba.

Da aka hura wutar farko da itacen damina, ɗakin ya turnuƙe. Hansatu ta yi ta tari, jaririn ya yi ta tsala kuka. Dudu ta fito tana share hawaye.

"Itacen ga na jiƙaƙƙe. A bar hura shi ciki. Ki ƙone shi can waje, ki kawo muna garwashi zalla, wanda ba shi hayaƙi."

Maganar ta shiga kunnen Asibi. Sana'arta bandar kifi, garwashi ba ya yanke mata. Ta riƙa cika kasko da jan garwashi tana zubawa a ƙarƙashin gadon. Tari ya tsaya. Dudu ta ji daɗin kanta, ta sa aka toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma, aka saki tabarma a bayan ƙyaure, don kada sanyin ruwan sama ya sami hanya. Asibi da hannunta ta cusa tsumman, har tana dannawa da tsinken tsintsiya.

Daga nan Hansatu ta fara ciwon kai. Kunun kanwa da aka dama mata sai ta sha ta mayar. In ta miƙe jiri ya kwashe ta. Jaririn da ke cika gida da kuka ya yi laƙwas, a ba shi nono ya kama ya saki, ya koma barci.

"Sanyi na yash shige ta," in ji Dudu. "Ko kuma iskokin gungu na sunka biyo mu, tunda mun baro su cikin ruwa. A ƙara wuta."

Aka ƙara wuta. Asibi ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da ta ga ruwa ya shiga makabartarsu. Sai dai tsoron bai rufe mata ido ba. Ta lura da abu ɗaya: safe da yamma, in ta fito da Hansatu bayan ɗaki don wankan ruwan zafi, kafin a gama fyaɗa mata ganye sai idonta ya washe, har ta nemi abinci. Da an mayar da ita ciki an ja ƙyaure, sai ta sake narkewa. Ita kanta Asibi in ta daɗe zaune a ɗakin, kanta yakan sara kamar ta ɗauko tulu biyu. Ta faɗa wa Dudu.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganin shi," in ji Dudu. Asibi mai jika ce a lokacin, amma a wurin Dudu har gobe yarinya ce.

Ran nan da hantsi aka tsuge da ruwa. Asibi ta zuba sabon garwashi, ta ja ƙyaure, ta ruga ta rufe kifinta. Da ruwan ya tsagaita ta dawo. A lungun ɗakin akwai wata kazarta da ke kwanci cikin kwando, mai faɗan tsiya, wadda ko giftawa ka yi sai ta kai maka sara. Asibi ta gifta, kaza ba ta motsa ba. Ta taɓa ta da ƙafa, sai ga wuya ya langaɓe a kan ƙwai.

Ta juya wajen gado. Hansatu na kwance, baki a buɗe, jariri a gefenta shiru.

"Ke yarinyag ga. Tashi."

Shiru. Ta girgiza ta, kai ya tafi gefe.

"Hansatu! Hansatu!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asibi ta banke ƙyaure, ta sunkuci jaririn ta miƙa wa Zipora maƙwabciyarta da ta sheƙo jin ihun, ta koma ta kamo Hansatu ta hammata ta jawo ta har tsakar gida, cikin yayyafi. Ta yi ta fifita da faifai. Can Hansatu ta ja wani dogon numfashi, ta yi amai, ta buɗe ido. Jaririn ma ya motsa a hannun Zipora, ya yi ɗan kuka siriri kamar na mage.

Dudu ta iso tana salati. "Maijego cikin ruwan sama? Asibi, kashe ta za ki yi? Maida ta ciki maza."

"Yaya, ba ta komawa."

"Iskoki sun ɗauki kaza sun bar mutum, ki gode Allah."

"Iskokin da ka kama mutum in an ruhe ƙohwa, su sake shi in an buɗe? Yaya, garwashin ga na."

"Garwashin da ba shi hayaƙi?"

"Hayaƙin da ido ka gani shi na mai mutunci, shina sa ka tari ka tashi ka hita. Wanga na garwashi ba a ganin shi, lallashi shikai har ka yi kwana. Can gungu jinka ta ka hid da shi. Nan wa ka hid da shi?"

Dudu ta ɗaga kai ta dubi rufin simintin. Sannan ta juyo da sauri. "To ki kashe wuta, sanyi ya ida abin da garwashi ya hwara."

Nan ne fa gizo yake saƙar, domin Asibi ma ta yarda da wannan. Ba za ta kwantar da 'yarta a gado mai sanyi ba, ba kuma za ta sake rufe ta da garwashi ba. Ta shimfiɗa wa Hansatu tabarma a rumfar banda, inda akwai ɗumi kuma iska na ratsawa, ta lulluɓe ta. Sannan ta zagaya bayan ɗakin ta tsaya tana kallon bangon, daidai inda gadon ya jingina. In bakin kogon ya koma waje, wuta na waje ke nan, ɗumi na ciki.

Illo ya karanci fuskarta tun kafin ta yi magana.

"Asibi, kul. An ce kada a taɓa ginin ga."

"Ba ni gatari, maigida."

"In sunka zo sunka amshe gidan hwa? Ina za mu? Gungu na ƙarƙashin ruwa."

"Su amshe. Ɗaki ana sake wani."

Illo ba mugu ba ne, yana son 'yarsa. Mutum ne kawai da aka riga aka raba da gida sau ɗaya, bai ga yadda zai jure na biyu ba. Ya ɗauki gatarin ya shige ɗakinsa da shi, ya zauna a kai.

Asibi ta ɗauko taɓarya. Ta daki bangon, taɓarya ta yi tsalle ta dawo mata, hannunta ya yi tsami. Ta sake, bakin taɓaryar ya tsage. Ta yar da ita. Ta duba tsakar gidan kaf, babu ƙarfe, babu abin da ya fi siminti tauri. Sai idonta ya sauka a kan murhu.

Ta sauke tukunya. Ta zaɓi babban cikin duwatsun uku, wanda uwarta ke kira uban murhu, ta naɗe hannu da tsumma don da sauran zafinsa. Ta ɗan tsaya da shi a hannu. Duk abin da ya rage mata na gidan uwarta ke nan, ita ma ta sani. Ta durƙusa a cikin taɓo ta ɗaga shi da hannu biyu.

Bugun farko bango ya yi ƙara kawai. Ta ci gaba. Siminti ya fara zubowa, mutane suka fara taruwa a bakin darni, masu cewa ta haukace na yi, masu cewa a kira mai gari na yi. Asibi ko waiwaye ba ta yi ba. Fatar yatsunta ta saluɓe, ta gyara tsumma ta ci gaba. Bulon ya tsage, ya burma ciki. Ta koma kan na kusa da shi. A nan ne dutsen ya dare gida biyu a hannunta.

Ta dubi ɓarin biyu, hawaye suka zubo mata, ba ta ɓoye ba. Ta ɗauki ɓari mai kaifi ta ci gaba da sassaƙar gefen ramin.

Sai ta ji bugu a saman kanta. Illo ne tsaye a kan turmi da gatarinsa, yana fasa bango can kusa da rufi.

"In za a amshe gida sabad da rami guda," ya ce ba tare da ya dube ta ba, "gara a amshe shi sabad da biyu. Wanga na iska na."

Sauran aikin na laka ne, kuma laka ba ta gagari Asibi ba. Ta kwashe garwashin ɗakin tas. Ta toshe tsohon bakin kogon ta ciki, ta shafe gadon da sabuwar laka, ta bi duk wata 'yar tsaga ta liƙe. Ta zare tsumman taga ta jefa a wuta. Sannan ta hura ɗanyen ganye ta sabon bakin na waje, da gangan don ya yi hayaƙi, ta shiga ciki ta tsuguna tana duban inda zai ɓullo. Ya ɓullo wuri ɗaya a jikin bango, ta liƙe. Ta sake gwadawa, ɗaki ya zauna garau. Dudu ta shigo, ta ɗora tafin hannu a kan gadon ta daɗe.

"Shina ɗumi," ta ce a ƙarshe. "Amma a ƙara shimhiɗa, lakar ba ta bushe ba."

"To, Yaya. Ƙyaure kuma ba a ruhe shi duka."

"Ni dama ban ce a ruhe duka ba."

Asibi ta bar mata wannan. Zipora ta matso ta ce 'ya'yanta ma kullum da ciwon kai suke tashi tun da ta fara shigar musu da kaskon wuta, ko za a ara mata ɓarin dutsen ita ma ta huda wa iska hanya a bangonta. Asibi ta miƙa mata, ta ce kaskon dai ya kwana waje tun daga yau.

Kafin la'asar ta yi sanyi an mayar da Hansatu ɗaki. Ta shanye ƙwaryar kunu, ya zauna. Jaririn ya kama nono, wannan karon bai saki ba, ana jin haɗiyarsa daga bakin ƙofa. Asibi ta tsaya tana saurare har ƙafarta ta gaji.

Sannan ta tuna ba a ɗora tuwo ba. Ta koma murhu ta ɗora tukunya, tukunya ta karkace za ta kife, don duwatsu biyu suka rage. Ta je bayan ɗaki ta tsinto guntun bulon da ta fasa, ta kafa shi a gurbin uban murhu, ta jijjiga tukunyar ta ga ta zauna.

Illo na wanke ƙurar siminti daga gemunsa. Ya dubi bulon, fari fat tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu.

"Wanga kau bai san tukunyakki ba."

Asibi ta tura itace, ta sunkuya ta hura wutar.

"Za shi koya," ta ce.