Furanni Biyu na Ojars

Modris ƙanena ne, kuma ni na goya shi. Lokacin da innarmu ta rasu ko magana bai iya sosai ba. Da ya girma ya ce mini ba ya tuna fuskarta, ba ya tuna hannunta, abu ɗaya ya rage masa a kunne: yadda take tsayawa a bakin shinge da yamma tana kiran shanu. Kira ne mai tsawo, ya hau sama, ya karye a tsakiya, ya sauko a hankali. Ni ma haka nake kiransu, don a wurinta na koya.

Ni na zauna a ƙauye ina tatsar madara. Shi ya tafi birnin Riga ya yi karatun kiɗa, ya zama mai tsara waƙoƙin da mawaƙa da yawa ke rerawa tare, har ana jin sunansa a rediyo. Ban san karatun waɗannan ɗige-ɗigen da suke rubuta kiɗa da su ba. In ya zo gida sai ya zauna a kicin, ya yanka baƙin burodi, ya ce, "Yaya Skaidrite, kira mini Raiba." Raiba saniyarmu ce, ta daɗe da mutuwa. In ce masa, "Kai dai ba ka da aikin yi." Amma ina kira.

Babbar waƙarsa a kan innarmu ya yi ta. Ya ce mini mawaƙa za su cika wuri da murya, sannan su riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mace ɗaya tana wannan kiran. Babu mai amsa mata. A nan waƙar ta ƙare.

Ya ba da waƙar ga Ojars Strautmalis, abokin karatunsa, wanda ke riƙe da sandar jagorancin wata babbar ƙungiyar mawaƙa. Ojars ya sha cin dankali da kifi a teburina. Ranar da aka fara rera waƙar ina zaune kusa da Modris cikin takalmin aro. Da aka zo ƙarshe sai ga ganguna da kakaki, mawaƙa suka buɗe baki gaba ɗaya, gini ya ɗauka. Ba mace, ba kira. Mutane suka miƙe suna tafi. Modris ya riƙe hannuna har sai da ya yi mini ciwo.

A bayan fage Ojars yana share gumi ya ce, "Haba Modris, mutane sun sa kwat sun zo, sai in sallame su da kiran shanu? Na cece ka ne, ɗan ƙauye."

Modris ya faɗa wa jarida abin da aka yi masa. Ojars kuwa yana cikin masu zaɓen waƙoƙin da za a rera a manyan taruka. Daga nan sunan ƙanena ya ɓace. Ya koma wani ƙaramin gari yana koya wa yara fiyano, yana rubuta waƙoƙi yana tarawa a kwali. Ya tsufa kafin ni. Ya mutu bai taɓa jin ƙarshen waƙarsa a bakin kowa ba sai a bakina, a kicin.

Ranar jana'iza Ojars ya zo da baƙar mota. Ya taka rassan itacen da muka shimfiɗa a hanya bisa al'adar jana'iza, ya tsaya a bakin kabari ya yi jawabi yana kiransa ɗan'uwa. Ya ce zai rera babbar waƙar a Riga don tunawa da shi. Wurin cin abinci na tare shi.

Na ce, "Da wane ƙarshen?"

Ya ce, "Yayarmu, ki kwantar da hankalinki. Mun yi magana da shi a asibiti, ya yarda nawa ya fi."

"Wane asibitin? Ni ke juya shi, ni ke ba shi ruwa da cokali. Ko ta taga ka shigo?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Bakinki na nan yadda na san shi. Ki zo, kujerar gaba taki ce. Ki kawo mini fure ma."

Na ce, "Zan kawo."

Na tambaya ko zan iya hana shi. Aka ce mini ikon waƙar yana hannun ƙungiyarsu tun farko. To, na ce, furen dai a hannuna yake.

Ranar taron na shiga motar safe. A rumfunan furanni da ke kusa da tasha na nuna farare na ce wa matar ta ba ni biyu.

Ta sassauta murya. "Allah ya jiƙan rai, Inna. Maƙabarta za ki?"

"Wurin waƙa za ni."

"Ai sai ki ɗauki uku. Ko ɗaya. Biyu na matattu ne, kin fi ni sani."

"Na sani."

"Wa ya mutu?"

"Bai mutu ba tukuna. Ɗaura musu baƙin zare."

Ta dube ni, ta ɗaura, ta ƙi naɗe su a takarda. Ni ma ban so a naɗe ba.

Cocin da aka yi taron ya cika maƙil, ga mutanen rediyo da wayoyinsu, ga hoton Modris a gaba, wanda aka ɗauka tun yana da gashi. Na zauna da furannin a ƙarƙashin mayafina. Wallahi har zuwa tsakiyar waƙar ina fata. Na ce ko mutuwa ta taɓa wa Ojars zuciya, in haka ne in kai furannin kabari in yi shiru. Waƙar tana da daɗi, na yi kuka. Sai na ga mai ganga ya ɗaga sandunansa.

Da aka gama waƙar, ana cikin tafi, mutane suka jeru da furanni kamar yadda aka saba. Ojars ya hango ni, ya ɗaga hannu ya ce a ba ni hanya. "Ga yayar marigayi," in ji shi da ƙarfi, don rediyo ta ji. Ya sauko mataki ɗaya, ya buɗe hannuwa.

Na fito da su. Na ba shi ɗaya. Na ba shi na biyun. Na nuna wa mutane tafin hannuna, babu komai.

Tafin ya fara mutuwa daga kujerun gaba, ya bi baya. Wata mata a cikin mawaƙa ta rufe bakinta. Ojars ya dubi baƙin zaren, fuskarsa ta koma kalar madara.

Ya ce a hankali, "Skaidrite, kin yi kuskuren lissafi."

"Shanu nake ƙirgawa tun kafin ka iya ɗaura takalmi, ranka ya daɗe."

Sai ya saki ɗaya ya faɗi, kamar suɓucewa ya yi. Gwiwoyina ba su da kyau, amma na durƙusa na ɗauko, na mayar masa cikin hannu, na naɗe yatsunsa a kai.

Na ce, "Naka ne. Riƙe."

Daga nan na juya wa hoton baya, na fuskanci mutane. Ban shirya wannan ba. Na ce musu, "Ba haka ta ƙare ba. Ga yadda ƙanena ya rubuta." Na sa hannu a gefen baki na kira Raiba. Muryata ta tsufa, ta karye tun kafin inda ya kamata ta karye. Amma ginin dogo ne, ya ɗauki kiran ya kai shi can sama, ya daɗe bai sauke ba. Ba wanda ya amsa. Ba wanda ya yi tafi. Na ɗauki jakata na fita, don kada motar yamma ta wuce ni.

Rediyo ba ta yanke ba. Velta maƙwabciyata ta ce tana wanke tukunya ta ji ni, har shanunta suka ɗaga kai. Ƙarya take, tagarta a rufe take, amma na bar ta.

An ce mawaƙan sun ƙi sake rera waƙar da ganguna. Da bazara wata yarinya mai jagorancin mawaƙa a garin Liepaja ta zo har gida ta ce in kira mata, ta saurara, ta tafi. Sun rera ta daidai. Ban je ba. Modris ne ya kamata ya ji.

Bayan taron da 'yan kwanaki na je kabari in share yashin gefensa. Na tarar da sawun takalmin birni, da farin fure biyu da baƙin zare a kan dutsen, sun fara yaushi. Wato Ojars ya zo ya sauke su a kan ƙanena.

Na share sawun sai da ba alamarsa. Na sa furannin a jaka. Washegari na sake shiga motar safe, na nemi gidan Ojars, na hau benen da gwiwoyin nan nawa. Matarsa ce ta buɗe.

Na ce, "Maigidan ya manta kayansa. Ki sa masa a ruwa."