Ranar da Ganiyu Bai Tayar da Inji Ba

Tun yana saurayi Ganiyu yake tayar da janareto a wani bene da ke Titin Ibrahim Taiwo, har furfura ta cika masa gemu. Haifaffen Fagge ne, iyayensa 'yan kasuwa daga Ilori. A iya saninsa haske ba ya zuwa shi kaɗai, sai da ƙugi da hayaƙi, da zafin da ke toye yatsa in an taɓa ƙwan lantarki.

Mai benen, Hajiya Jawahir, ta ɗauko wata injiniya daga Sabon Gari, sunanta Ifeoma. Aka ciccire tsofaffin ƙwayaye aka sa wasu farare, aka jera farantan sola a kan rufi. Ganiyu dai ido ne nasa.

"Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne za su haska bene guda?" in ji shi.

"Baba, ba su da ci," Ifeoma ta ce tana dariya. "Abin da tsohon ƙwai ɗaya ke sha, ya ishi waɗannan da yawa. Yau kada ka taɓa inji."

Da rana ta yi gora, ƙafarsa ta kai shi ɗakin janareto kamar kullum. Ya kama ƙofa, ya tuna, ya saki. Sai ya hau rufi ya sami Ifeoma da Hajiya.

Ana gab da magariba Ifeoma ta danna wani ɗan maɓalli. Benen ya ɗauki haske daga sama har ƙasa, fari tas, har kana iya tsintar allura a farfajiya. Ganiyu ya tsaya yana jiran ƙugi. Shiru.

Cikin shirun nan ya ji kiran salla ya taso daga Fagge, ladani na karɓa wa ladani. Ya ji kukan tsuntsayen da ke komawa bishiyoyin wajen tashar jirgin ƙasa. Can ta Sabon Gari ana gwajin waƙar coci. Ashe duk shekarun nan haka garin yake a wannan lokaci, shi yana ƙasa inji ya toshe masa kunne.

Ya miƙa hannu a hankali ya taɓa ƙwan da ke bakin matakala. Ɗumi-ɗumi kawai. Ya damƙe shi da tafinsa, hasken na ratsowa ja ta tsakanin yatsu.

"Ikon Allah," ya ce. "Hajiya, ranar ɗazu ce fa wannan. Ajiye ta aka yi."

Hajiya Jawahir ta ce, "To, Malam Ganiyu, farantan nan suna son mai kula da su. Ifeoma za ta nuna maka."

Ya gyaɗa kai, ya sauka ya yi alwala. Da ya koma gida ya tsare matarsa Wasilat da labari, har tuwonsa ya huce.