Ranar da Orville Ya Ƙi Mutuwa

A wani ɗan gari na jihar Illinois a ƙasar Amurka, duk shekara sai an yi wasan tunawa da shugaban nan mai doguwar hula da aka harbe a ƙarshen yaƙin basasa. Orville Tackett ke fitowa a shugaban, don kawai Allah ya ba shi tsawo da ramammiyar fuska. Ana harbe shi sai a shimfiɗe shi cikin akwatin gawa, jama'a su wuce suna share ƙwalla, su zarce teburin abinci. Kafin a ba gawa izinin tashi, kek ɗin tuffa na wata mata mai suna Lavonne ya ƙare ƙarƙaf. Orville kuwa yana son kek ɗin, yana son mai kek ɗin, amma ko ɓarɓashi bai taɓa samu ba. Abin na ci masa rai.

Bana, Delbert mai gyaran famfo ya lallaɓo da bindigar wasa, tau! Sai Orville ya sosa kunne.

"Faɗi mana!" in ji Delbert cikin raɗa.

"Ka kuskure."

"Kai, ɗan banza, ta ina? A ƙeyarka na ɗora ta!"

Orville ya miƙe, ya gyara hula, ya ce yaƙi ya ƙare, Arewa da Kudu a tafi a ci abinci. Kunya ta kori Delbert bayan labule.

Ashe shugaba mai rai ba ya zuwa ko'ina. Wata tsohuwa ta cafke masa riga: "Ranka ya daɗe, tunda ba ka mutu ba, yaushe za a gyara gadar nan?" Wannan ya kawo ƙarar haraji, wancan ta karen maƙwabci. Malamin tarihi yana ta kururuwa wai an rikita masa ɗalibai. Orville ya zuba alkawura har bakinsa ya bushe.

Da ƙyar ya kai teburin, faranti wayam. Lavonne na tsaye, hannu a ƙugu.

"Wa ya aike ka rayuwa? Kek guda na ɓoye maka cikin akwatin, ƙarƙashin matashi!"

Ya garzaya ya ɗaga murfi. Delbert ne kwance ciki yana lasar yatsu.

"Mutumina, na ga wurin ba kowa ne," in ji shi.

Ranar ce mutanen garin suka ga shugaba tsaye gaban akwatinsa yana kuka da gaske.